Yadda ake bin sawun kakan da ya tafi Gwanja, a gyara tarihin gida

A gidajen zango da yawa a Kumasi, Ankara da Kete-Krachi na ƙasar Gana, labarin kakan farko bai wuce layi biyu ba: daga Kano ya zo, fataucin goro ya kawo shi, zamanin Turawa. Wani lokaci haka ɗin ne. Sau da yawa kuma garin ba shi ba ne, shekarar ta goce da ashirin, ko an haɗe mutum biyu sun zama ɗaya.

Tsofaffi za ka fara nema, tun kafin takarda. Ka zauna da kowanne shi kaɗai, domin in ka tara su, muryar babban yaya ce za ta danne sauran. Kada ka tsallake gwaggo da inna, su ne suka riƙe sunayen mata, kishiyoyi da 'ya'yan da suka rasu da ƙuruciya. Ka naɗi murya a waya da izininsu, ka rubuta ranar. Bayan kowace magana ka tambaya: "Baba, da idonku kuka gani ko ji kuka yi? Daga bakin wa?" A littafinka ka ja layi uku: abin da aka faɗa, wanda ya faɗa, da inda ya samo shi.

Tambayar shekara ba ta da amfani, mutanen da ba sa lissafi da ita. Ka ɗaura maganar a jikin wani abu da ya faru. Yaƙin basasar Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete-Krachi, Yeji da Kintampo. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. An yi babbar yunwa a ƙasar Hausa a 1913 zuwa 1914, annobar mura a 1918, girgizar ƙasa a Ankara a 1939, husufin rana a 1947. In an ce kaka ya bar Salaga da yaƙi yana magidanci, kuma aka ce bayan shigar Turawa Kano ya taso daga gida, to ɗaya daga cikin biyun ba daidai ba ne. In ka ga shekarar Hijira a bangon Alƙur'ani ko gefen kundi, ka raba ta da 33, ka cire abin da ya fito daga cikinta, ka ƙara 622. Misali 1320: cire 40, saura 1280, ya ba ka 1902. Kuskuren ba ya wuce shekara ɗaya.

Suna shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Akawun Bature abin da kunnensa ya ji yake rubutawa. Ibrahim ya koma Braimah, Muhammadu ya koma Mama ko Mahama, Sa'idu ya koma Seidu, Hausa kanta a ga Houssa ko Haussa, Kumasi a ga Coomassie. Ka jera duk siffofin da sunan zai iya ɗauka, ka nemi kowacce. Sannan sunan gari da ke bin sunan mutum, kamar Musa Kano ko Garba Sakkwato, ba hujjar mahaifa ba ce. Mutumin Bebeji ko Kura in ya yi nisa da gida Bakano ne, wani kuma garin da ayarinsa ya taso aka liƙa masa. A soja abin ya fi haka rikicewa. Tun rundunar da hafsan Ingila Glover ya kafa a Legas a 1863, ta yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, Turawa suna kiran kusan duk sojan da ya fito daga arewa Bahaushe, ko da Bazabarme ne, Babarbare ko Bamoshe. Abin da zai taimake ka a nan shi ne zanen fuska da asalin da gidan ke faɗa. In an ce ku Agalawa ne, Tokarawa ko Kambarin Barebari, waɗannan su ne manyan fataken goro, kuma an san garuruwan da suka zauna, sai neman ya taƙaita.

Sai lissafin kakanni. Daga uba zuwa ɗa a ba da kamar shekara 30. In jerinku sunaye uku ne kacal daga 1890 zuwa yau, akwai alamar an yar da wani. Yawanci takwara ne ya jawo: jika ya ci sunan kakansa, bayan zamani aka narkar da su. Haka kuma mai gidan da ya sauki baƙo a zango, ya sayar masa da kaya, ya aurar da shi, yakan rikiɗe ya zama "uba" a bakin jikoki. Wanda ya zo a matsayin yaron gida ko bawa ma sunan ubangidansa yake ɗauka, kuma wannan ba kowane tsoho ne zai faɗa maka a zama na farko ba.

Yanzu takardu. A Gana, ma'ajiyar gwamnati ita ce PRAAD, hedikwata a Ankara, da rassa a Kumasi, Tamale da wasu biranen. Littattafan shari'ar kotun D.O., wato Baturen gunduma, sun fi komai amfani, saboda a rigimar gado, bashi ko fili ne ake sa mutum ya faɗi sunan ubansa da garinsu. Rigingimun sarautar zango suna cikin fayilolin harkokin 'yan ƙasa, jerin ADM 11. Kete-Krachi tana hannun Jamus har 1914, don haka takardunta na kafin nan da Jamusanci suke, sai a nufi Lome. In kaka soja ne, lambarsa ta fi sunansa daraja. Ka duba gefen lambar yabon da ke cikin adaka, nan ake buga ta, in sojan Yaƙin Duniya na Farko ne ka nema da ita a jerin WO 372 na ma'ajiyar Kew a Ingila, wanda ke intanet. Rubuce-rubucen Larabci da ajami na malaman zango, har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi da ya rasu a 1934, suna Jami'ar Gana a Legon. Ta gefen gida kuwa, wato Najeriya, akwai ma'ajiyar tarihi ta Kaduna da Gidan Arewa. Kowace takarda ka ɗauki hotonta tare da bangon fayil da lambarsa, in ba haka ba gobe ba za ka san inda ta fito ba.

Takarda ma tana kuskure. Shekarun haihuwar da ke jikin takardar soja ƙiyasin ido ne. Takardun da aka yi a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, a yi hattara da su, domin a lokacin cewa "a nan aka haife ni" ita ce ke hana a ɗora wa mutum kaya a ka. Kada ka sauya komai sai hujja biyu da ba su san juna ba sun haɗu. 'Yan'uwa biyar da suka ji daga kaka ɗaya hujja ɗaya ce.

In gyara ya tabbata, kada ka goge tsohon labari. Ka rubuta shi yadda aka gada, a ƙarƙashinsa ka sa abin da aka gano, da lambar fayil da ranar gyara. Ka kai wa babban gida shi kaɗai kafin ka tura a zauren WhatsApp na dangi, musamman in maganar ta taɓa bauta, gado ko sarauta. Ka buga kwafi uku, ka raba su gida uku, ɗaya a can garin asali in an same shi.