Kafin ku sayi agogon zamani mai zagayayyar fuska

Ƴan uwa na Yamai, ku fara duba irin salularku. Galaxy Watch 4 na Samsung da waɗanda suka fito bayansa ba sa aiki da iPhone, sai Android.

Sai batir, wanda shi ne babbar magana a lokacin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa. Galaxy Watch kwana ɗaya zuwa biyu yake yi, Huawei Watch GT mai faɗin milimita 46 kuwa yana iya kusantar sati biyu in ba a yawan kunna GPS. Mai siririn hannu ya nemi mai faɗin milimita 40 zuwa 42.

A kasuwa, ku sa mai shago ya kunna shi, ku fita da shi rana. In rubutu ya ɓace, gilashin ba AMOLED (irin gilashin fuska mai haske sosai) mai kyau ba ne. Jabu kuma baƙin gefensa kauri gare shi. Saboda ƙurar hunturu, ku nemi alamar IP68, wadda ke nuna agogon na da kariya daga ƙura da ruwa.