Darasi na 9: Lambun Gida da Ɗinkin Hannu a Zafin Ƙarshen Damina

A Kano ruwan sama ya fi ƙarfi a watan Agusta, a Satumba sai ya fara ja da baya, kuma kafin iskar hunturu ta sauko a Nuwamba akan sha wani zafi da ke busar da ƙasa cikin 'yan kwanaki. A wannan tsakanin shukar gida takan mutu, domin mai ita ya saba sama ce ke shayar masa, bai ankara ba aikin ya dawo wuyansa.

Ban ruwa da sassafe ake yi, ko da yamma bayan la'asar, a zuba a gindin shuka a hankali har ya ratsa. Mai yayyafa ruwa da tsakar rana wahala kawai yake ba kansa, don rana ce za ta shanye. Kafin ka ɗauki bokiti, cusa yatsa cikin ƙasa: idan da danshi, a bari sai gobe. Bayan haka a rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa, domin danshi ya daɗe kuma saiwa ta huta. Kashin kaji ko na awaki taki ne mai kyau, amma sai ya ruɓe tukuna, saboda ɗanyensa yana ƙona shuka.

Gidajen cikin gari, irin na Yakasai ko Mandawari, ba su da yalwar tsakar gida, sai dai buhu ko tsohon baho da aka huda ƙasansa ya wadatar. Alayyafo yakan isa yanka cikin mako 3 zuwa 4, kuɓewa da yakuwa kuwa ba sa tsoron rana. Tumatir ne mai shagwaɓa, domin idan zafi ya tsananta furensa zubewa yake yi. Saboda haka yanzu a yafa irinsa a inuwa, a raine shi kamar mako 4, a dasa idan gari ya fara sanyi, kamar yadda manoman rani na Kura da Kadawa suke yi.

Daga hantsi zuwa azahar a bar lambu, a koma inuwa a ɗauki allura. Wanda zai fara koyon ɗinki ya fara da 'yar shara, tunda ba ta da hannu, kuma ta dace da aikin zafi. Idan ka shiga Kantin Kwari ka nemi yadin auduga mara nauyi, wanda ke shan gumi, ka guji mai leda komai ƙyallinsa. Yadi 2 kan ishi babban mutum matsakaici. A wanke shi ya bushe kafin a sa almakashi, domin sabuwar auduga takan tsuke, kuma rigar da ta matse bayan wankin farko ba ta da gyara.

A ninka yadin biyu, a zana wuya da alli a tsakiyar ninkin, a yanke shi, a bar inci 1 a kowane gefen yadin domin ɗinki. Da farko a kama gefunan da manyan ɗinki na riƙo, a gwada a jiki, sannan a bi da ƙanana a jere, ana mayar da allura baya kaɗan a kowane taku don ɗinkin ya yi ƙarfi. Zare kada ya wuce kamu ɗaya, in ba haka ba sarƙewa zai yi. Wuya da ƙarƙashin hammata su ne wuraren da ke fara yagewa, don haka a maimaita su kafin a yi kalmasa.

Ƙyallen da ya saura kada a zubar. A yaga shi siriri a riƙa ɗaure tumatir a jikin kara, domin ya fi igiyar leda taushi, ba ya yanka reshe.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya auna faɗin kafaɗarsa da tsawon rigar da yake so, ya rubuta adadin da hannunsa, ya zo da shi aji.