Masu shigo da cakulan ta Maigatari, ku duba lambar kaya

'Yan uwa, kafin ku biya dillali ku karɓi takardar ku duba lambar da ya sa wa kayanku, domin da ita kwastam ke yanka haraji. A jadawalin lambobin kaya na kwastam, koko da dangoginsa suna babi na 18: ƙwayar koko 1801, garinsa marar sukari 1805, cakulan kuwa 1806. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne farin cakulan, wanda ake lissafa shi da alewa a 1704. Biskit mai cakulan ma yana 1905, komai kaurin cakulan ɗin da aka shafa masa.

Garin koko kam, ni dai ban ba ku shawarar ɗaukowa ba, ya daɗe cikin jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su.