Yadda Ake Hawa Matakan Girma a Ofishin Sherif na Gunduma a Amurka

A Amurka babu rundunar 'yan sanda guda ɗaya irin ta Najeriya, inda hukuma ɗaya a Abuja ke ƙara wa manyan jami'ai girma. Ƙasar tana da gundumomi sama da 3,000, kusan kowacce da ofishin sherif nata, wato babban jami'in tsaro na gunduma, kuma a yawancin jihohi jama'a ne ke zaɓen sherif da ƙuri'a, galibi na shekara huɗu. Jihar Alaska ba ta da sherif sam, Konetikat kuma ta soke muƙamin a 2000. A yawancin sauran wurare ofishin sherif ne ke sintiri a yankunan da ba su ƙarƙashin wani birni, shi ke riƙe da gidan yarin gunduma, shi ke gadin kotuna, shi ke kai sammaci da aiwatar da umarnin alƙali.

Ƙaramin jami'i a wannan ofis ana kiransa depiti. Daga nan sai saje, laftana, kyaftin. A manyan ofisoshi kamar na gundumar Los Anjeles akwai kwamanda, shugaban sashe, mataimakan sherif, sannan sherif kansa. Duk wanda ke wannan aiki, ko yake da ɗa ko ƙane a ciki, ya riƙe abu ɗaya: daga depiti zuwa laftana, wani wurin har kyaftin, rubutacciyar ƙa'ida ce ke tafiyar da ƙarin girma, kuma ana iya shirya mata tun da wuri. Daga nan zuwa sama magana ta koma hannun mutum ɗaya.

Mataki na 1: Nemo takardun gundumarka ka karanta

Takardu uku ne. Akwai dokokin hukumar ma'aikata ta gunduma, akwai yarjejeniyar da ƙungiyar jami'ai ta ƙulla da gunduma kan albashi da sharuɗɗan aiki, sai sanarwar jarrabawar da ta gabata. A cikinsu za ka ga shekarun da ake so mutum ya yi a muƙami kafin ya zauna jarrabawa. A wurare da yawa depiti kan yi shekara uku zuwa biyar kafin ya nemi saje, saje kuma kamar shekara biyu kafin ya nemi laftana. Kada ka dogara da abin da abokin aiki ya faɗa maka a motar sintiri, domin yarjejeniyar kan canja duk bayan 'yan shekaru.

Ga wanda bai shiga aikin ba tukuna, yawancin jihohi suna buƙatar zama ɗan ƙasa. Kalifoniya ta sassauta wannan daga 1 ga Janairun 2023: izinin aiki a ƙarƙashin dokar tarayya ya wadatar.

Mataki na 2: Tara shaidar ƙwarewa ta jiha

Kowace jiha tana da hukumar da ke ba jami'an tsaro lasisi. A Kalifoniya sunanta POST, an kafa ta a 1959, kuma shaidarta hawa-hawa ce: ta farko, ta tsakiya, ta gaba, sannan ta masu sa ido, ta masu gudanarwa, da ta shugabanni. A Teksas, inda gundumar Haris da birnin Hustan suke, mazaunin 'yan Najeriya masu yawa, hukumar TCOLE ce, da matakai huɗu. Ana haɗa shekarun aiki da awannin horo da karatun jami'a kafin a ba ka kowace shaida, kuma digiri yana rage shekarun jira. Gundumomi da yawa suna ƙara wani abu a albashi saboda waɗannan shaidu tun kafin a ƙara maka girma, wasu kuma suna mayar maka da kuɗin makaranta. Wanda yake da burin kyaftin ya fara digirinsa yana depiti, don idan aikin saje ya hau kansa lokacin karatu zai yi masa wuya.

Mataki na 3: Zaga sassan aiki

Depiti da yawa suna fara aiki ne a gidan yari, kuma suna ƙosawa su fita titi. Ina ganin kuskure ne a raina wannan zama. Gidan yarin gunduma ne ke riƙe da masu jiran shari'a da waɗanda aka yanke wa gajeren hukunci, yana cin babban kaso na kasafin ofis, kuma daga can ƙararraki masu tsada kan taso: fursuna ya mutu, an hana shi magani, an ci zarafinsa. Jami'in da ya san dokar tarayya ta 2003 kan hana fyaɗe a gidajen yari, ya san yadda ake raba fursunoni da yadda ake lura da mai son kashe kansa, ya riƙe ilimin da kwamitin tantancewa zai tambaya.

Bayan nan sai sintiri, bincike, kotu, da horar da sababbi. Aikin horar da sabon depiti a fili shi ya fi kusa da aikin saje, domin a nan ne za ka fara rubuta rahoto a kan wani, ka gaya masa gaskiya ko ba ta yi masa daɗi ba.

Mataki na 4: Tsare fayil ɗinka

Nan ne mutane suka fi faɗuwa, tun kafin ranar jarrabawa. Kowane gargaɗi, kowane dakatarwa, kowane ƙorafin da aka tabbatar yana shiga fayil, kuma gundumomi da yawa ba sa barin wanda aka hukunta kwanan nan ya nemi ƙarin girma.

Mafi muni ita ce ƙarya. Hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Brady ta 1963 da ta Giglio ta 1972 sun wajabta wa mai gabatar da ƙara ya sanar da lauyan wanda ake tuhuma duk abin da zai raunana shaidar gwamnati, har da cewa an taɓa kama jami'in da ƙarya. Saboda haka ofisoshin masu gabatar da ƙara suna ajiye jerin sunayen irin waɗannan jami'ai. Wanda ya shiga jerin, shaidarsa a kotu ta zama abin zargi, kuma da wuya a ɗora shi a kan wasu. Layi ɗaya da aka gyara a rahoto don rufa wa aboki asiri ya isa. Tsautsayi ana yafe shi idan ka faɗa da bakinka. Ɓoyewar ce ba a yafewa.

Akwai kuma zaman gida. Tun 1996 dokar tarayya ta haramta riƙe bindiga ga duk wanda kotu ta samu da laifin dukan iyali, ko da ƙaramin laifi ne, kuma ba ta ware 'yan sanda ba. Jami'in da ba zai riƙe bindiga ba aikinsa ya ƙare.

Mataki na 5: Shirya wa jarrabawa

Yawanci kashi biyu ce ko uku. Na farko rubutacciya, daga littafin ƙa'idojin ofis, dokokin laifuka na jiha, yarjejeniyar ma'aikata da hukunce-hukuncen kotu. Dole ka san shari'ar Miranda ta 1966 kan gargaɗin wanda aka kama, ta Garner ta 1985 kan harbin mai gudu, da ta Graham ta 1989 da ta kafa ma'aunin amfani da ƙarfi. Ana fitar da jerin abin karantawa watanni kafin ranar. Fara tun ranar da ya fito.

Na biyu ganawa da kwamiti, galibi manyan jami'ai daga wasu ofisoshi don kauce wa sanayya. Za su ba ka labari: depitinka ya zo aiki yana warin giya, ko an harbi mutum kuma taro ya fara haɗuwa, me za ka yi, me za ka fara? Suna sauraron tsarin tunaninka: ran mutane da farko, sannan tsare wurin, sanar da na sama, rubuta komai, da bibiya daga baya.

Ga laftana da kyaftin akan ƙara gwaji a aikace. A tara maka takardu da saƙonni a ce ka tsara su cikin ƙayyadadden lokaci, a sa wani ya yi kamar ma'aikaci mai taurin kai ko mazaunin unguwa mai fushi, ko a ce ka yi jawabi a gaban taro. Wannan ba a haddace shi. Samu wanda ya riga ka hawa ya riƙa yi maka tambayoyi, ka naɗi muryarka ka saurara. Wanda Turancinsa ke ɗauke da harshen gida kada ya damu. A hankali da tsari ake so a yi magana.

Mataki na 6: Fahimci jerin sunaye

Cin jarrabawa bai ba ka muƙami ba. Ana jera sunaye bisa maki, wani wurin da ƙarin maki na daɗewa a aiki ko na tsohon soja, kuma jerin kan yi shekara ɗaya ko biyu kafin ya mutu. Idan gurbi ya samu, gundumomi da yawa suna ba sherif damar zaɓar ɗaya daga cikin uku na sama, wasu kuma suna kasa sunayen rukuni-rukuni. Ana iya tsallake ka ba tare da an karya doka ba. Idan jerin ya mutu ba a kai kanka ba, sai sabuwar jarrabawa.

Mataki na 7: San nauyin da za ka ɗauka

Saje, mai igiya uku a hannun riga, shi ne muƙamin da ya fi wuya a ganina. Jiya kuna cin abinci tare, yau kai ke duba rahotonsu, kai ke zuwa wurin da aka yi amfani da ƙarfi ka binciki abokinka. Ana sa sabon saje a gwajin wata shida ko shekara, kuma sau da yawa a mayar da shi aikin dare ko gidan yari, don a sabon muƙami shi ne ƙarami. Kalifoniya ta wajabta masa kwas na awa 80 cikin wata 12 da naɗi. Wanda ya hau matakin gudanarwa kuma kwas na awa 104.

Laftana shi ke riƙe da dukkan zangon aiki: jadawali, ƙorafin jama'a, jagorancin babban lamari har manya su iso. Kyaftin yana riƙe da caji ofis ko gidan yari gaba ɗaya, da kasafinsa da ma'aikatansa. A gundumar Los Anjeles birane 42 ne ke biyan ofishin sherif kuɗi ya yi musu aikin 'yan sanda, tsarin da ya faro da birnin Lekwud a 1954, don haka kyaftin ɗin yankin tamkar shugaban 'yan sandan birnin ne, yana amsa tambaya a gaban majalisarsa.

Kuma girma yana zuwa da ƙara a kotu. Dokar kare haƙƙin jama'a ta tarayya ta ba mutum damar kai jami'i ƙara da sunansa, kuma shugaban da ya ga ɓarna ya kau da kai yana iya shiga ciki.

A wannan mataki ne ake neman manyan kwasa-kwasai: makarantar FBI ta ƙasa a Kwantiko, jihar Bajiniya, mai mako goma, wadda aka fara a 1935 kuma sai shugabanka ya ba da sunanka, ko cibiyar horar da manyan 'yan sanda ta Jami'ar Luwibil.

Mataki na 8: Yi lissafi kafin ka karɓa

Albashin tushe yana ƙaruwa da kowane muƙami, amma abin da ke shiga aljihu wata magana ce. Dokar ƙwadago ta tarayya ta tanadi biyan ninki ɗaya da rabi ga jami'in da ya haura awa 171 cikin kwana 28, kuma yarjejeniyoyi da yawa sun fi haka sauƙi. Depiti da saje suna samun wannan kuɗin ƙarin lokaci. A gundumomi da yawa laftana ko kyaftin ba ya samu, don an ɗauke shi mai gudanarwa. Ba abin mamaki ba ne saje mai yawan ƙarin lokaci ya fi sabon laftana kuɗi a shekara.

Fansho ne ke juya lissafin. Ana ninka shekarun aiki da wani kaso na albashin ƙarshe. Tsohon tsarin da hukumomi da yawa a Kalifoniya suka bi yana ba da kashi 3 cikin ɗari na kowace shekarar aiki ga wanda ya yi ritaya yana da shekara 50 da haihuwa ko fiye, wato shekara 30 na aiki ta ba da kashi 90. Waɗanda aka ɗauka daga 2013 iyakarsu kashi 2.7 ga wanda ya yi ritaya yana da shekara 57, wato kashi 81 a shekara 30 na aiki, ana auna shi da matsakaicin albashin wata 36, kuma kuɗin ƙarin lokaci ba ya shiga. Ke nan ƙarin girma a shekarun ƙarshe yana bin mutum har ƙarshen rayuwarsa. Wanda saura shekara biyar ya yi ritaya da wanda yake da ƙananan yara da bashin gida ba lissafinsu ɗaya ba.

Sauran amfanin sun haɗa da inshorar lafiya, asusun ajiya na ritaya, motar ofis a wasu wurare, da yafe ragowar bashin karatu na tarayya bayan biyan bashin sau 120 ana aikin gwamnati. Dokar 1976 ta tanadi diyya ga iyalan jami'in da ya mutu a bakin aiki, ta 2004 kuma, bayan gyaran da aka yi mata, ta ba wanda ya yi ritaya ba tare da tabo ba bayan shekara goma na aiki damar ɗaukar bindiga a ɓoye a faɗin ƙasar, matuƙar yana sabunta gwajin harbi.

Mataki na 9: Kafin ka haura kyaftin

Manyan kujerun da ke kusa da sherif galibi naɗi ne, babu jarrabawa, kuma wanda ya naɗa ka yana iya sauke ka. A ƙarshen 1970 Richard Elrod ya zama sherif na gundumar Kuk, inda Shikago take, aka fara sallamar ma'aikatan da ba 'yan jam'iyyarsa ba. A 1976 Kotun Ƙoli ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki, amma ta bar ƙofa a buɗe ga masu tsara manufofi, kuma su ne masu waɗannan kujeru. A Los Anjeles an kayar da sherif mai ci a 2018, aka sake kayar da wanda ya gaje shi a 2022, lokacin da Robert Luna ya yi nasara.

Idan an yi maka tayin irin wannan kujera, nemi a nuna maka a rubuce ko kana da haƙƙin komawa muƙaminka na dindindin idan aka sauke ka, ka duba saura wata nawa zaɓe, sannan ka je ofishin fansho su lissafa maka abin da za ka samu idan ka bar aiki a ranar rantsar da sabon sherif.