Kafin ka sayi shokazoba ga Hilux ɗin da ka ɗaga

'Yan uwa, in ka ɗaga motarka da inci 2 ko 3, shokazoban kamfani ya yi mata gajarta. Duk ramin da ka faɗa sai ya miƙe har ƙarshe, ka ji ƙwas, kwana kaɗan ya fara yoyon mai. Sa bakanike ya auna tsawon shokazoban da motar ke buƙata yanzu, a miƙe da kuma a matse, ka tafi kasuwa da awon a takarda.

Shokazoba samfurin Bilstein 5100 don ɗagaggun motoci aka yi shi, sai dai akwai tsada. Rancho RS5000 ya fi sauƙin kuɗi, kuma yana aiki. Ni dai bana sayen na hannu sai na danna shi na ga ya dawo da kansa, babu danshin mai a jikinsa. A canza biyu tare, hagu da dama.