Kurakuran da baƙi ke maimaitawa a wuraren bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan, lokacin sabuwar shekara

Da Disamba ta zo ƙarshe sai sababbin zuwa Japan su fara shirin kallon hatsumode, ziyarar farko ta shekara da Japanawa ke kai wa wuraren bautarsu. Shekara da shekaru kurakuran ba sa canjawa, har bakina ya gaji da faɗa.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne shiga layi ba tare da sanin inda ya nufa ba. Dogon layin nan na masu ibada ne. Idan mutum ya kai gaba zai jefa kuɗi a akwati, ya rusuna sau 2, ya tafa sau 2, ya roƙi buƙatarsa, ya sake rusunawa. To kai Musulmin da kallo ya kawo ka, me za ka yi in ka kai wurin? Na ga wanda ya daburce ya kwaikwayi na kusa da shi don kada ya fita daban, ya dawo gida zuciyarsa ba daɗi. Na ga kuma wanda ya tsaya ƙiƙam yana ɗaukar bidiyo, tsofaffi na jira a bayansa cikin sanyi. Haba ɗan'uwa! Mutanen nan abin da suka yi imani da shi suke yi, ba wasan kwaikwayo suka shirya maka ba. Ka yanke shawara tun daga gida: kallo ka zo, ka tsaya a gefe, ba wanda zai ce maka uffan.

Abin da ke jefa mutane cikin wannan shi ne dagewa sai Meiji Jingu, babban wurin bautar da ke kusa da tashar Harajuku a Tokyo, kuma sai daren 31 ga Disamba. Wurin nan da aka kammala a 1920 yakan karɓi kimanin mutum miliyan 3 cikin kwana 3 na farkon Janairu. 'Yan sanda ne ke sakin jama'a rukuni-rukuni, kuma da ka shiga ba ka da gefen tsayawa, taro zai yi ta turo ka har gaban ɗakin bauta. Ni dai ƙaramin wurin unguwa nake zuwa, ko in bari sai bayan 4 ga Janairu da safe.

Na biyu shi ne amazake, kuma wannan ni ma ya taɓa cin ni. Abin sha ne fari mai zaƙi, kamar kunun shinkafa, a kan miƙo maka shi da zafinsa lokacin da yatsunka suka sandare. Iri biyu ne. Wanda aka yi da shinkafa da koji, wani irin yis na Japanawa, ba shi da giya, amma wanda aka dama da ragowar tatar giyar shinkafa da suke kira "sake" yana da ita, ko da kaɗan ce. Sai bayan na shanye na sani, kuma na daɗe abin yana damuna. Yanzu ba na karɓar kofi sai na tambaya da me aka yi, in mai rabon bai tabbatar ba in yi godiya in wuce. Omiki kuwa, da ake zubawa a ɗan faifan tangaran, giya ce zalla. Haka rumfunan abinci: yakisoba, soyayyiyar taliyarsu, galibi da naman alade ake soya ta, kada ƙamshi ya ja ka.

Sauran ƙanana ne. Kada ka bi tsakiyar hanyar da ta taso daga torii, babbar ƙofar shiga wurin bautar, a wurinsu ta abin bauta ce, bi gefe. In ka tsaya wurin wanke hannu, kada ludayin ya taɓa bakinka. Senso-ji na unguwar Asakusa a Tokyo haikalin Buddha ne, ba na Shinto ba, ka daina cakuɗa su in kana ba da labari. Kada ka taɓa omikuji, takardun duba sa'a da mutane suka ɗaure, kuma kada ka ɗauki hoton fuskar mai roƙo. Bankuna a rufe suke daga 31 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu, rumfuna da yawa kuma tsabar kuɗi suke karɓa, don haka ka ciri kuɗinka da wuri. Sanya safa biyu, ka sayi kairo, 'yar jakar ɗumama hannu, a kantin unguwarku kafin ka fito.