Yadda za ka gane fayromofayit, koren dutsen dalma, ka ɗauko shi lafiya

Jama'a abin da ke min ciwo shi ne in ga an farfasa dutse mai kyau an zuba a buhun tozali an auna da kilo, alhali masu tara ma'adinai nemansa suke ido rufe. Sunansa fayromofayit, dalma ce ta haɗu da fosfet da kulorin, kuma a saman jijiyar tozali (dutsen da ake samun dalma) yake fitowa, wato inda ruwa da iska suka daɗe suna cin dutsen har ya yi ja ya rube. Saboda haka in ka je inda ake haƙar dalma irin su Gwana a Alkaleri ba sai ka shiga rami ba, don Allah ma kar ka shiga, nemi izinin masu wurin ka tsaya kan tulin da suka zubar, musamman bayan an yi ruwa ya wanke ƙura.

Launinsa kore ne kamar ɗanyen ganye, wani ya yi rawaya ko ruwan ƙasa, yana ƙyalli irin na ƙaro. 'Ya'yansa ƙanana ne masu gefe 6, tsakiya ta ɗan kumbura kamar ƙaramar ganga, jere a cikin kogon dutsen. To a nan mutane ke ruɗewa su ce sun tsinci emaral, koren dutsen ado mai tsada, don shi ma gefe 6 gare shi. Ɗaga ka ji a hannu, fayromofayit ya ninka ruwa wajen sau 7 a nauyi, emaral ko sau 3 bai kai ba. Sannan taurinsa 3.5 zuwa 4 ne kawai, bakin wuƙa zai karce shi, emaral da tomalin (shi ma dutsen ado ne) kuwa wuƙa ba ta kama su. Amma a ɓaraguzai za ka gwada ba a mai kyan ba. In ka goga a bayan tayil, farin layi zai bari, in ka ga kore to malakayit ne na tagulla.

Wajen cirewa sa cizal nesa da 'ya'yan kamar faɗin yatsu 3 ka buga a hankali, ka taho da shi tare da uwar dutsen. Na farkon da na samu gaggawa ta sa na doka guduma kusa, sai gari na kwasa a tafin hannu, har yau ina tuna shi. Naɗe kowanne daban a tsohuwar jarida, ka rubuta wuri da rana a takarda ka sa ciki, dutsen da ba a san inda ya fito ba darajarsa faɗuwa take. Wanki kuma ruwa da buroshi mai laushi ya isa.

Kuma dalma guba ce fa, a 2010 yara sama da 400 suka rasu a Zamfara saboda ana niƙa dutse mai dalma a cikin gida. Kar ka lasa, kar ka daka, wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko goro, kayan da ka sa a wurin haƙa ka cire su a waje, dutsen kuma ka rufe shi a roba ka ɗora can sama inda hannun yara ba ya kaiwa.